Neman takwara mai ganuwa: yadda aka gano nisan walƙiyar gamma

Taƙaitawa

Cikin wannan ƙasida za mu bayyana yadda masana taurari ke neman abin da ake iya gani da madubin hangen nesa a daidai wurin da wata na'ura ta tsinkayi hasken X ko hasken gamma. Za mu nuna inda wuyar aikin take, sa'an nan mu bi diddigin abin da ya faru a shekara ta 1997, lokacin da aka samu takwarar walƙiyar gamma karo na farko, aka kuma auna nisanta bayan shekara talatin ana jayayya.

1. Gabatarwa

Hasken da ido ke gani ɗan yanki ne ƙarami na hasken da ke zuwa daga sama. Gaba da shi akwai hasken X, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, sai kuma hasken gamma wanda ya fi shi ƙarfi. Ƙwayar hasken X guda tana ɗauke da ƙarfin da ya ninka na ƙwayar hasken ido sau ɗaruruwa ko dubbai. Ta gamma kuwa sau dubu ɗari ko fiye. Iskar da ke lulluɓe da duniya tana shanye su duka biyu kafin su iso ƙasa, dalili ke nan ba a fara nazarinsu ba sai da aka samu roka da satelit.

Idan na'urar da ke cikin satelit ta tsinkayi irin wannan haske, tambaya ta farko ita ce: daga wane abu ya fito? Abin da za mu kira takwara mai ganuwa, wato contrepartie optique da Faransanci, shi ne tauraro ko galaksi ko wani ɗigon haske da ake gani da madubi daga ƙasa, wanda aka tabbatar shi ne tushen wancan hasken. Yankin sama da na'ura ta ce tushen yana cikinsa za mu kira shi da'irar shakka. Ɗan gajeren hasken gamma mai tsanani da Faransanci ke kira sursaut gamma za mu ce masa walƙiyar gamma.

2. Me ya sa ake neman takwara

Na'urar gamma tana faɗa mana yawan hasken da ya iso gare ta, amma ba ta faɗa mana nisan da ya fito. Wanda ya hangi haske cikin daji da dare bai san ko fitila ce a hannun wani kusa da shi ko gobara ce a wani gari mai nisa ba, sai ya san nisan. Ƙa'idar ita ce: in nisa ya ninka sau goma, hasken da ke isowa yana raguwa sau ɗari. Saboda haka muddin ba a san nisa ba, ba a san ƙarfin tushen ba, kuma in ba a san ƙarfinsa ba, ba a iya faɗin ko wane irin abu ne.

Hasken ido shi ke cike wannan giɓin. Ana iya warware shi launi launi kamar bakan gizo, a karanta layukan da kowane sinadari ke bari a ciki. Daga layukan nan ake sanin zafin abu, da sinadaran da ke cikinsa, da saurin tafiyarsa, da nisansa idan yana wata galaksi. Bugu da ƙari madubin ƙasa yana nuna wurin tauraro da daidaiton da na'urar gamma ba ta kusa da shi.

3. Da'irar shakka

Madubi na yau da kullum yana tattara hasken ido wuri guda, hoto ya fito. Hasken gamma ratsa madubi yake yi ya wuce. Hasken X ma ba ya dawowa daga madubi sai in ya goge shi a kaikaice, kamar dutsen da aka jefa ya yi tsalle bisa ruwa. Don haka aka nemi wasu dabaru. Ta farko ita ce kwatanta lokacin da walƙiya ta isa ga satelit biyu ko uku da ke nesa da juna. Ta biyu ita ce ɗora faifai mai huji huji gaban na'ura, a lissafa wurin tushen daga inuwar da faifan ya yi. Kowace dabara tana barin da'irar shakka, babba ko ƙarama.

Bari mu yi ɗan lissafi. Faɗin cikakken wata a sama rabin digiri ne, wato minti 30 na kusurwa. Da'irar da ke da digiri 3 daga tsakiya zuwa baki tana iya ɗaukar cikakken wata wajen 140. Wadda ke da minti 3 daga tsakiya zuwa baki kuwa kashi ɗaya ce cikin 25 na fuskar wata. Ta farkon ta fi ta biyun girma sau 3.600.

Sai maganar dushewa. Masana suna auna hasken tauraro da matakai: gwargwadon girman lambar, gwargwadon dushewar tauraron, kuma kowane mataki biyar raguwa ce sau ɗari. Ido mai kyau, a daren da babu wata, yana tsayawa a mataki na 6. Abin da ke mataki na 21 ya fi haka dushewa sau miliyan guda. A wannan matakin kowane digiri murabba'i na sama yana ɗauke da dubban taurari da galaksi. Ke nan cikin babbar da'ira akwai ƴan takara dubun dubata, cikin ƙaramar kuwa gommai ne. Wannan bambancin shi ke raba aikin da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba.

4. Misalan farko

Tushen hasken X na farko da aka gano wajen gidan Rana shi ne Sco X-1, cikin tarin taurarin da ake kira Kunama. Ƙungiyar Riccardo Giacconi ce ta gano shi da roka a Amurka cikin watan Yuni na 1962. Shekara huɗu ba a san ko mene ne ba. A 1966 aka sake harba roka ɗauke da wata na'ura mai wayoyi jere da Minoru Oda na Japon ya ƙirƙiro, da'irar ta ƙanƙance, sai masana a Japon da kuma Palomar suka iske wani tauraro shuɗi, wajen mataki na 13, mai yawan sauya haske. Yau mun san taurari biyu ne ke zagaya juna: tauraron nitron yana janyo iskar abokinsa, iskar tana zafi har ta fid da hasken X.

Cyg X-1, da aka gano a 1964, ta wata hanya aka bi. A 1971 masu nazarin igiyar rediyo a Holanda da Amurka suka ga wani sabon tushe cikin da'irar, wurinsa ya faɗa kan wani babban tauraro shuɗi mai suna HDE 226868. Louise Webster da Paul Murdin a Ingila, da Tom Bolton a Kanada, suka nuna layukan hasken tauraron suna kai da komo kowane kwana 5,6, alamar yana zagaya wani abu mai nauyi da ba a gani. Shi ne abu na farko da akasarin masana suka yarda baƙin rami ne.

A misalan nan biyu tushen yana nan daram. In an rasa shi bana, ana iya komawa baɗi da na'ura mafi kyau. Walƙiyar gamma ba ta ba da wannan damar.

5. Shekara talatin babu takwara

Satelit ɗin Vela na sojan Amurka, waɗanda aka harba don sa ido kan gwajin bam ɗin nukiliya, su ne suka fara tsinkayar walƙiyar gamma ranar 2 ga Yuli 1967. Sai a 1973 Klebesadel da Strong da Olson na Los Alamos suka buga labarin, tare da bayanin walƙiya 16. Walƙiyar tana zuwa ba zato, daga ko'ina cikin sama, ta ɗauki ƙasa da sakan ɗaya ko ƴan mintoci, ta ɓace, ba ta kuma komowa wurin. Kwatanta lokutan isowa yana ba da ƙaramar da'ira, amma lissafin yakan ɗauki kwanaki ko watanni, kuma in an juya madubi wurin ba a iske kome na daban.

An yi zaton an dace sau biyu. Walƙiyar 5 ga Maris 1979 ta faɗa kan ragowar wani tauraro da ya fashe cikin Babban Girgijen Magellan, ƙaramar galaksi maƙwabciyar tamu. Daga baya aka gane wani jinsi ne daban, tauraron nitron mai tsananin maganaɗisu wanda ke maimaita walƙiya. A 1981 kuma Bradley Schaefer ya ba da labarin wani ɗigon haske a kan tsohon hoton sama na 1928, cikin da'irar wata walƙiya ta 1978. Masana da yawa sun ɗauke shi aibin faifan hoto ne, ba a kuwa tabbatar da shi ba.

A watan Afrilu na 1991 aka harba satelit Compton ɗauke da na'urar BATSE. Tana tsinkayar walƙiya wajen guda a rana, ta tara 2.704 kafin ƙarshen aikinta a 2000. Da'irarta ta digiri da yawa ce, ba ta isa neman takwara ba, amma ta nuna abu muhimmi: walƙiyar ta bazu daidai wa daida a duk faɗin sama. Da a cikin faifan galaksinmu take, da ta taru bisa farin zanen nan da ke ratsa sama da dare. Sai ra'ayi ya kasu biyu. A watan Afrilu na 1995 aka yi muhawara a birnin Washington: Donald Lamb ya ce taurarin nitron ne da ke kewaye da galaksinmu, nisan shekarun haske dubu ɗaruruwa, Bohdan Paczynski ya ce daga galaksi masu nisan miliyoyin dubbai na shekarun haske take. Nisa na biyu ya ninka na farko wajen sau dubu goma, wato ƙarfin da ake buƙata ya ninka sau miliyan ɗari. Muhawara ba ta raba gardamar ba, domin babu wanda ke da nisan ko da walƙiya guda.

6. Daren 28 ga Fabrairu 1997

Ranar 30 ga Afrilu 1996 aka harba BeppoSAX, satelit na Italiya da Holanda. Yana ɗauke da na'ura mai tsinkayar gamma, da kamara biyu masu faifan huji da aka ƙera a Utrecht, waɗanda ke kallon fili mai faɗi da hasken X, da kuma madubai na hasken X masu kallon ɗan ƙaramin wuri. Yana zagaya duniya bisa layin ekwata cikin awa ɗaya da rabi da ɗan kai, yana sauke bayanansa a tashar Malindi ta gaɓar tekun Kenya, daga nan a tura su Roma. In walƙiya ta faɗo cikin filin kamara, ana iya samun da'ira ta ƴan mintocin kusurwa cikin ƴan awoyi.

Ranar 28 ga Fabrairu 1997, ƙarfe 2 da minti 58 agogon GMT, walƙiya ta zo daga yankin Oriyon, gabas da Kaza da ƴaƴanta, ta ɗauki wajen sakan 80. Wurin yana digiri 12 arewa da ekwatan sama, wato a ƙarshen Fabrairu yana bi ta kusan tsakar kan mutanen Maraɗi da Damagaram da magariba. Aka sa mata suna GRB 970228, bisa shekara da wata da rana. Ƙungiyar Enrico Costa ta fid da da'ira ta minti 3, ta sa aka juya satelit ɗin, awa takwas bayan walƙiyar madubansa suka ga wani tushen hasken X da babu shi a taswira. Da aka koma bayan kwana uku, ya dushe wajen sau ashirin. Wannan hasken da ke saura bayan walƙiya shi za mu kira garwashi, domin harshen wuta ya mutu amma wurin bai huce ba.

Labari ya isa Jami'ar Amsterdam, wajen Jan van Paradijs da ɗalibansa biyu, Paul Groot da Titus Galama. Awa 21 bayan walƙiyar aka ɗauki hoton wurin da madubin William Herschel, mai faɗin mita 4,2, a tsibirin La Palma na Kanariya. Hoto ɗaya bai nuna kome ba, domin garwashi ɗigo ne kamar sauran ɗige. Sai ranar 8 ga Maris aka sake ɗauka, aka jera hotunan biyu ana kwatantawa. Ɗigo ɗaya da ke mataki na 21 a hoton farko ya ɓace a na biyu, kuma yana cikin da'irar kamara da ta madubin X duka. Shi ne takwara ta farko. Hotunan madubin Hubble na ƙarshen Maris da farkon Afrilu sun nuna wani ɗan hazo a gefen ɗigon, mai kama da galaksi mai nisa. Magoya bayan Lamb suka ce hazo ba nisa ba ne, kuma a lokacin suna da hujjar faɗin haka.

7. Walƙiyar 8 ga Mayu 1997

Ba a daɗe ana jira ba. Ranar 8 ga Mayu BeppoSAX ya tsinkayi GRB 970508, cikin tarin taurarin Raƙumin Dawa kusa da ƙusar sama ta arewa. Howard Bond, da madubi ɗan mita 0,9 a Kitt Peak, ya ga ɗigo mai sauya haske cikin da'irar. Wannan garwashin ƙaruwa ya fara yi, ya kai ƙololuwa bayan wajen kwana biyu, sa'an nan ya soma dushewa. Ranar 11 ga Mayu Mark Metzger da abokan aikinsa na Caltech suka warware haskensa da madubin Keck mai faɗin mita 10 a Hawai, suka iske layukan magneziyam da ƙarfe.

Ga ma'anar abin. Sararin samaniya yana buɗewa, hasken da ya daɗe a hanya yana miƙewa, layukansa su goce wajen ja. Ana nuna gocewar da harafin z. Layukan da aka gani sun goce da z = 0,835, wato tsawon igiyarsu ya ninka na asali sau 1,835. Layukan na iskar da hasken ya ratsa ne a kan hanya, saboda haka tushen yana wurin iskar ko bayanta, ba zai kasance gabanta ba. Haske mai wannan gocewa ya yi wajen shekara miliyar 7 yana tafiya. Da awon dare guda gardamar 1995 ta ƙare. Kwana biyar bayan walƙiyar Dale Frail ya samu garwashinta na rediyo da VLA a New Mexico. Galaksin GRB 970228 ma an auna shi daga baya, aka samu z = 0,695.

Da nisa ya samu, ƙarfi ya samu. Ko bayan an yi la'akari da cewa walƙiyar ta siririn bututu take fitowa, ba ta kowane gefe ba, ƙarfin da take fiddawa cikin ƴan sakanni ya yi kwatankwacin wanda Rana za ta fidda tsawon rayuwarta ta shekara miliyar goma.

8. Yaushe ake cewa an tabbatar

Kasancewar abu cikin da'ira ba hujja ba ce, tun da kowace da'ira cike take da abubuwa. Daga misalan da suka gabata muna iya fid da sharuɗɗa uku. Na ɗaya, wuri: ɗan takarar ya faɗa cikin mafi ƙanƙantar da'irar da ake da ita, a kuma lissafa yiwuwar cewa katari ne kawai. Na biyu, lokaci: ya sauya haske daidai da aukuwar abin, kamar ɗigon La Palma. Na uku, hali: launinsa da layukansa su dace da abin da zai iya fid da irin wannan hasken.

Misalin da ya fi nuna amfanin taka tsantsan shi ne GRB 980425. Cikin da'irarta aka iske fashewar wani babban tauraro, SN 1998bw, a galaksi mai nisan shekarun haske wajen miliyan 130, kusa ƙwarai in aka kwatanta da sauran. Wasu suka ce abu ɗaya ne, wasu suka ce katari ne. Sai a 2003, da aka ga layukan fashewar tauraro sun fito cikin garwashin GRB 030329, aka amince cewa doguwar walƙiya mutuwar babban tauraro ce.

Akwai kuma rashin samu. GRB 970828 an neme ta da sauri da manyan madubai, ba a ga garwashinta da hasken ido ba. Irin wannan ana danganta shi galibi da ƙurar galaksin da abin ya faru cikinsa, wani lokaci kuma da tsananin nisa. Rashin takwara ma sakamako ne, in an faɗi lokacin da aka duba da matakin da hoton ya kai.

9. Abin da ya biyo baya

Tun da garwashi dushewa yake yi, aikin ya zama tsere da agogo. Aka kafa tsarin da ke aika wurin walƙiya ga madubai cikin sakanni. Ranar 23 ga Janairu 1999 ƙaramar kamarar ROTSE a Los Alamos ta fara ɗaukar hoto sakan 22 bayan fara walƙiya, ta ga hasken ya kai mataki na 9. Swift, da aka harba a Nuwamba 2004, an ƙera shi yadda zai juya da kansa cikin minti ɗaya ko biyu. Shi ya tsinkayi walƙiyar 19 ga Maris 2008, wadda haskenta ya kai matakin da ido ke iya gani wajen rabin minti, alhali ya yi shekara miliyar 7,5 a hanya. A Yuni 2024 Faransa da Sin suka harba SVOM don wannan aikin.

Ranar 17 ga Agusta 2017 dabarar ta yi aiki a wani sabon fage. Na'urorin LIGO da Virgo suka ji girgizar sarari daga haɗuwar taurarin nitron biyu, satelit Fermi ya ga gajeruwar walƙiya sakan 1,7 bayan haka. Yankin shakka ya kai digiri murabba'i 30, amma girgizar ta ba da ƙiyasin nisa, don haka aka bi galaksin da ke wannan nisan ɗaya bayan ɗaya. Awa 11 bayan haka madubin Swope, ɗan mita ɗaya a Shili, ya iske sabon ɗigo a gefen galaksi NGC 4993. Haskensa ya nuna alamun ƙirar sinadarai masu nauyi.

10. Kammalawa

Mun ga cewa abin da ya hana ganin takwara daga 1967 zuwa 1997 ba rashin manyan madubai ba ne. An rasa ƙaramar da'ira da saurin labari a lokaci guda: kwatanta lokutan isowa ya ba da ƙaramar da'ira a makare, BATSE ta ba da labari da wuri amma da babbar da'ira, BeppoSAX ya haɗa biyun. Mun kuma ga cewa madubin mita 0,9 da na mita ɗaya sun riga manya ganin takwara sau biyu, domin suna ƙarƙashin sama mai duhu a daidai lokacin. Kalmomin da muka yi amfani da su a nan, takwara mai ganuwa, da'irar shakka, walƙiyar gamma da garwashi, shawara ce muke gabatarwa ga malaman kimiyya da na harshe, su gwada su cikin aji su gyara inda ya kamata.